Ina ake samun yadi mai miƙewa da saurin bushewa na ɗinkin wandon shiga fadama a Kano?

Habibu Tela, Rijiyar Lemo

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar yadi, musamman 'yan kasuwar Kantin Kwari da manyanmu teloli da suka riga mu shiga sana'a. Wasu matasa masu aikin awon filaye da duba hanyoyin ruwan noman rani a yankin Kura da Kadawa sun kawo mini aikin wanduna, kuma buƙatarsu ita ce a ɗinka musu wanda za su tsallaka magudana da shi, su durƙusa, su shiga ruwa har gwiwa, sannan ya bushe a jikinsu kafin la'asar. Sun zo mini da samfuri guda wanda ɗayansu ya saya a wurin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai, kuma a ɗan ƙyallen da ke cikin ƙugunsa an rubuta cewa kashi 94 cikin ɗari nailan ne, kashi 6 ilasten ne, wato zare mai miƙewa kamar roba. Yadin ba shi da nauyi, ba ya ƙyalli, idan an ja shi yana bi ta tsawo da ta faɗi, idan an sake shi kuma ya koma yadda yake nan take.

Na zaga kasuwa, amma da zarar na ce ina son mai roba, sai a miƙo mini irin wanda mata ke ɗinka hijabi da doguwar riga da shi, ko kuma yadin jins mai roba, wanda idan ya jiƙe sai ya wuni bai bushe ba. Don haka nake tambaya: shin ana samun wannan yadi a cikin Kano, kuma idan na ci karo da shi ba tare da wata takarda a jikinsa ba, ta yaya zan tabbatar shi ne? Ina kuma son in ji ko keken Butterfly na ƙafa zai iya ɗinka shi, domin shi ne babban abin aikina. Allah ya saka da alheri.

Alhaji Nasiru, Kantin Kwari

Wa'alaikumus salam, Malam Habibu, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ana samunsa, sai dai ba kaya ba ne da ke da layinsa na musamman kamar atamfa ko shadda ko leshi, domin ɗan kasuwa abin da ke fita yake sarowa, kuma masu neman irin wannan yadi ba su kai yawan da za a cika kwantena saboda su ba. Mafi yawan wanda ke shigowa ragowar masana'antun ɗinki ne na ƙasar Sin, wato bandir-bandir da suka saura bayan an gama wani babban aiki, a haɗa su da wasu kaya a turo. Shi ya sa za ka gan shi yau a shago, ka dawo bayan sati biyu a ce maka ya ƙare, kuma ba a san ranar da irinsa zai sake zuwa ba. Idan Allah ya sa ka dace da wanda ya yi maka, ka sayi na aikin gaba ɗaya daga bandir guda, saboda ko da launi ɗaya ake kiransu da shi, bandir biyu ba sa zama daidai a ido idan an jera wandunan.

Shawarata ita ce ka daina kwatanta shi da baki, ka riƙe wandon nan a hannunka, ka nufi wurin masu sayar da yadin yunifom da kaki, da waɗanda masu ɗinkin jaka da rigar ruwa ke saye a wurinsu, a nan Kwari da kuma kasuwar Sabon Gari. Yaran shago da suka daɗe suna sauke kaya sun fi kowa sanin abin da ke ƙasan tari, kuma da sun taɓa samfurin za su gaya maka ko sun taɓa ganin irinsa. Ka kuma tambayi faɗinsa kafin a yanka, domin irin wannan yadi yawanci inci 58 zuwa 60 yake zuwa, kuma a wannan faɗin yadi ɗaya da rabi zuwa biyu yana isar wandon babban mutum har da aljihunan cinya.

Idan aikin mai ɗorewa ne, to hanya mafi tabbas ita ce oda. Akwai babbar kasuwar yadi a Keqiao da ke birnin Shaoxing, akwai kuma garin Shengze kusa da Suzhou wanda ya yi suna wajen saƙa yadin nailan da foliyesta, kuma 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou suna iya sa a aiko musu da ƙananan samfura kafin a biya kuɗi. Masana'anta ba ta sayar da yadi goma ko ashirin, saboda haka sai teloli da dama sun haɗa kuɗi sun ɗauki bandir ɗaya ko biyu. Kafin a kai ga haka, idan kana da wani a Legas ko Aba, ka tura masa guntun samfurin ya duba maka kasuwar Balogun ko ta Ariaria.

Malama Rabi, mai koyar da ɗinki a Gyaɗi-Gyaɗi

Malam Habibu, Alhaji ya yi bayanin kasuwa, ni kuma zan tsaya a kan yadda za ka gane yadin da hannunka, domin bandir ɗin da za a nuna maka ba zai zo da takarda ba, kuma mai shago kansa sau da yawa bai san abin da aka saƙa shi da shi ba.

Abu na farko da ya kamata ka raba shi ne irin saƙar. Na hijabin nan da ake ta miƙo maka saƙar singileti ce, wadda zare ɗaya ke sarƙe kansa, kuma miƙewarta daga sarƙewar nan take fitowa. Tana da daɗi a jiki, amma tana kama ƙaya, tana yin kumburi a gwiwa, tana kuma bin surar mutum fiye da yadda ya dace da namiji mai aiki a cikin jama'a. Wanda kake nema saƙar tsaye da kwance ce, irin ta kaki da shadda, sai dai an cusa siririn zare mai miƙewa a cikinta. Wannan zare, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1958, shi ne ake rubutawa ilasten ko sifandes ko Lycra a jikin tufafi, kuma shi kaɗai yana iya miƙewa har ninki biyar na tsawonsa ya dawo, shi ya sa ɗan kaɗan yake isa. Don wandon aiki, kashi 4 zuwa 10 cikin ɗari ya wadatar. Wanda ya haura haka yakan fi nauyi, ya fi jinkirin bushewa, ya kuma fi saurin saki idan ya sha rana. Ka dubi bakin yadin inda aka yanka, ka ja zare guda: idan ya fito a miƙe ya bar sauran a jere, saƙar tsaye da kwance ce.

Batun bushewa kuwa, dalilinsa a cikin zaren yake. A iska ta yau da kullum auduga tana riƙe danshi kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, nailan kusan kashi 4, foliyesta kuwa bai kai kashi ɗaya ba. Idan auduga ta jiƙe, ruwan cikin zaren kansa yake shiga ya kumbura shi, alhali a foliyesta da nailan mafi yawansa a tsakanin zaruruwa yake maƙalewa, iska na kaɗawa ya tafi. Amma kada wannan ya sa ka manta da kauri, domin nailan mai kauri yana iya jinkiri fiye da auduga marar kauri. Masu oda suna auna yadi da giram a kowace murabba'in mita, kuma don zafin Kano ni ina ganin tsakanin 150 da 200 ya fi dacewa. Ƙasa da haka yana nuna jiki a rana kuma ba ya jure kirci, sama da haka kuma sai zufa ta dami mai shi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Ga yadda nake gwadawa, kuma duk ana iya yi da guntun da bai fi tafin hannu ba, idan mai shago ya yarda ya yanka maka. Ka sa tef ka auna inci 10, ka ja ba da ƙarfin tsiya ba, ka ga ko zai kai inci 12, sannan ka riƙe shi a haka na ɗan lokaci ka saki. Idan ya koma 10, roba tana da rai, idan kuwa ya tsaya a 10 da rabi ko ya yi tattara, to ya daɗe a sito zafi ya kashe ta, kuma wandon zai yi jaka a gwiwa tun satin farko. Ka gwada ta faɗi, ka gwada ta tsawo. Bayan haka ka manna shi a bakinka ka hura: idan iska ba ta ratsawa ko kaɗan, ko ka ga bayansa yana da santsi kamar an shafa masa leda, to na rigar ruwa ne ko na jaka, kuma wanda ya sa shi a fadama zai jiƙe da guminsa ko ruwa bai taɓa shi ba. Mutane da yawa suna haɗa wanda ba ya shan ruwa da wanda ke saurin bushewa, alhali aikinsu daban ne, kuma na biyun kake nema. Idan ka koma shago, ka tsoma guntun a ruwa tare da guntun kaki da kuma ƙafar wandon samfurin, ka matse su daidai, ka rataye su a inuwa ɗaya, ka riƙa taɓawa.

Gwaji na ƙarshe na wuta ne, a yi shi a waje, a riƙe guntun da almakashi a kan kwanon ruwa. Auduga tana ci bal-bal, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Nailan yana janyewa daga wuta, ya narke, ya bar ƙwallo mai tauri mai launin toka ko ruwan ƙasa. Foliyesta shi ma yana narkewa, amma da baƙin hayaƙi, kuma ƙwallonsa baƙi ne. Idan ka sami toka da ƙwallo tare, gauraye ne. Tsakanin biyun, nailan ya fi jure gogayya da dutse, foliyesta kuma ya fi jure rana ya fi saurin bushewa, saboda haka duk wanda ka samu a cikinsu ba ka yi asara ba.

Malam Ado, Fagge

Ɗana Habibu, na karanta abin da Alhaji da Malama suka rubuta, kuma ban ga kuskure a ciki ba, amma ina so ka tsaya ka dubi wani ɓangare kafin ka zuba kuɗin mutane a yadin da ba ka saba da shi ba. Kakanninmu sun hau doki, sun yi noma, sun yi fatauci har Gwanja da wandon saƙi wanda ba shi da roba ko ɗis, kuma bai hana su buɗe ƙafa ba, saboda sun san sirrin hantsa. Abin da ke yaga wando a lokacin tsallake ba rashin roba ba ne, ɗinki huɗu ne da ke haɗuwa a wuri ɗaya a ƙarƙashin mutum, duk nauyin ja ya taru a kansu. Ka juya wandon gwanjon nan ka duba cikinsa, ina kyautata zaton za ka tarar an sa masa wani ƙyalle mai kusurwa huɗu a hantsa, an kuma yi masa 'yan kamu a gefen gwiwa don ƙafar ta zauna a ɗan lanƙwashe. Rabin daɗin da yaran nan suke ji a jikinsa daga yankan yake, kuma wannan a hannunka yake, ba a kasuwa ba.

Abu na biyu da ke damuna shi ne wuta. Yaran nan a kan babur za su riƙa zuwa Kura, kuma salansa mai zafi idan ta taɓa nailan, nan take take huda shi, wani lokaci narkakken ya manne a fata ya yi ƙuna mai muni. Haka nan idan an kai shi wurin mai wanki da guga, ya ɗora masa dutsen gawayi yadda yake yi wa shadda, aikinka ya tafi. Da hunturu kuma, lokacin da iska ta bushe, yadin foliyesta yana manne wa ƙafa yana jan ƙura. Ni da za a bi tawa, da an nemi kaki marar nauyi na gaurayen foliyesta da auduga, irin mai kashi 65 da 35, wanda ba ya yankewa a Kwari, a yanka shi da wadatacciyar hantsa. Ba zai bushe da saurin nailan ba, amma ya fi auduga zalla nesa ba kusa ba, kuma idan ya yage kowane tela a ƙauye zai iya yi masa maho. Ka tuna kuma cewa da wandon za su yi salla a bakin aiki, saboda haka ko ka sami mai robar, kada ka matse shi kamar yadda ake yi wa na 'yan ƙwallo.

Injiniya Musa, Hotoro

Ina gaida Baba Malam Ado, kuma maganarsa a kan salansa gaskiya ce, na ga wandunan da ta huda a ƙwauri. Sai dai a matsayina na wanda aikinsa ke kai shi madatsun ruwa irin su Tiga da Challawa da Watari, ina roƙon afuwa in ce a wurin da ake shiga ruwa ana fita sau da yawa a yini, kaki ba ya maye gurbin nailan. Jiƙaƙƙen wando mai auduga yana nauyi, yana goge cinya har ta yi ja, kuma da damina, musamman a watan Agusta da rana ke wuyar gani, wanda aka wanke da dare ba ya bushewa kafin safiya. Na nailan kuwa ko a kan igiyar cikin ɗaki aka rataye shi, da asuba an sa.

Abin da zan ƙara wa Malam Habibu daga wurin mai sawa shi ne ya nemi yadi mai santsin fuska da matsattsiyar saƙa, domin ƙarangiya tana cika duk wani yadi mai gashi-gashi, har mutum ya zauna yana tsince ta ɗaya bayan ɗaya, alhali a kan mai santsi da an kaɗe take zuba. Idan ya ga wanda ke da 'yan gidaje-gidaje na zare mai kauri a cikin saƙarsa, ya ɗauka, saboda idan ƙaya ta huda shi yagar tana tsayawa a gida ɗaya. Launi kuma ya zama ruwan ƙasa ko toka-toka ko kore mai haske, baƙi yana tara zafi, amma ya guji mai dabbare-dabbare irin na sojoji, domin yana jawo wa farar hula matsala a hanya. Kada kuma a yi cikin aljihu da yadin auduga, domin wando zai bushe ya bar aljihu da ƙugu a jiƙe. Yadin raga irin na cikin gajeren wandon 'yan wasa shi ya fi, ruwa da yashi suna zubewa ta cikinsa.

Habibu Tela, Rijiyar Lemo

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma da buɗi. Na bi shawarar Alhaji na tafi da wandon, kuma an fito mini da wani bandir ruwan toka a wurin masu yadin yunifom. Na yi gwajin da Malama ta faɗa: ya narke da baƙin hayaƙi, iska tana ratsa shi, ya kuma riga kaki bushewa da tazara mai yawa. Damuwata ita ce ta faɗi kawai yake miƙewa, ta tsawo ba ya motsi. Na juya samfurin kuma na tarar da hantsa da kamun gwiwa kamar yadda Baba ya ce. Shin in saya, ko in jira mai bi ta ko'ina? Kuma har yanzu ina jiran bayani a kan keke, domin da na gwada guntun, allura tana tsallake ɗinki.

Malam Ado, Fagge

Ka saya, ɗana, tun bai ƙare ba, tunda Injiniya ya nuna cewa aikin nasu na ruwa ne, kuma shi ya fi ni sanin wurin. Ka shimfiɗa shi yadda miƙewar za ta zagaye jiki, wato ta bi ƙugu da cinya, sannan abin da ya rasa ta tsawo ka biya shi da yanka: ka ƙara wa bayan wandon tsawo kamar inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi don kada ya zame idan an sunkuya, ka yi kamu biyu a kowane gefen gwiwa, ƙyallen hantsa kuma ka yanke shi a karkace, domin kowane yadi yana ba da kai ta karkace. Kafin ka sa almakashi, ka warware shi daga bandir ka wanke, ka bar shi ya kwana a shimfiɗe, saboda yadi mai roba a ja yake naɗe, idan ka yanka shi nan take sai ya tsuke bayan an gama ɗinki.

Butterfly zai yi aikin. Tsallaken da kake gani yawanci daga allura ne, ka cire mai kauri ta kaki ka sa sabuwa lamba 11 ko 14, kuma idan ka sami irin wadda aka yi don yadi mai roba, mai ɗan dunƙulallen baki, ita ta fi. Zare ya zama na foliyesta, domin na auduga yana tsinkewa idan yadi ya miƙe ya bar shi. Ka ɗan sassauta zaren sama, ka sa tsawon ɗinki kamar milimita 3, ka riƙa ɗan jan yadin gaba da baya da hannu biyu yayin da yake wucewa, don ɗinkin ya sami rarar da zai bi miƙewar. Idan yana tattarewa a ƙarƙashin ƙafar keke, ka sa takardar jarida a ƙasansa ka ɗinka tare, daga baya ka yage ta. Hantsa da tsakiyar baya ka bi su sau biyu, bakin yadin kuma ka kai wurin mai keken wibin a ɗaure maka, saboda irin wannan yana zarewa da sauri. A ƙugu ka sa roba ta baya, ka kuma bar ƙubaka ta zariya ko madaukan bel, wanda suka fi so.

Ka fara da wando ɗaya tak, ka ba wanda ya fi su yawan shiga ruwa ya yi sati yana aiki da shi, ya dawo maka da shi ka duba inda ɗinki ya ja kafin ka yanka sauran. Ranar da za ka miƙa musu kuma ka gaya musu da bakinka cewa ba a sa masa bilic, ba a wanke shi da ruwan zafi, a inuwa ake shanya shi, kuma idan guga ta zama dole a rage wuta a ɗora wani ƙyalle a kai, sannan mai hawa babur ya riƙa lura da ƙafarsa ta dama.